Barkono a gidan Kawu: abin da ɗan karen Turai mai kilo shida ya jawo a Garwa

Sana'ata sayar da maganin dabbobi ce, a wani ɗan shago a Garwa, a arewacin Kamaru. Masu shigo mini makiyaya ne da masu kaji, a ba su maganin tsutsa, na kaska, na sammore, ko gishirin lasa. Zancen kare kuwa sai in yi wata biyu ba wanda ya kawo mini. Wannan lamari da zan bayar a gidan kawuna ya faru, ƙanin mahaifiyata, kuma na bi shi tun ranar farko har inda yake a yau. Ban ambaci sunan kowa ba sai na karen.

Zuwansa

Kawu hatsi yake saye da sayarwa. Ran Lahadi yana kasuwar Pitowa, sauran ranaku yaransa na zagaya ƙauyuka, masara da dawa da gyaɗa su taru a sitonsa da ke bayan gari, in rani ya yi nisa kuma masakwa ta shigo daga wajen Marwa. Yana da wani gidan haya da wani Bature ma'aikacin ƙungiyar agaji ya zauna shekara biyu. Da aikin mutumin ya ƙare ya so tafiya da karensa, sai ya tarar ƙa'idar shigar da kare Turai daga irin ƙasashenmu tana neman a ɗebi jini a gwada ƙarfin allurar haukan kare, sannan a jira wata uku. Shi kuwa jirginsa saura mako biyu. Ranar da ya zo mayar da makulli sai ga shi da karen a hannu, da rabin buhun abinci, da igiya, da wata ƙwallo da ta sha tauna, da ɗan littafin allura da muke kira karne. Kawu mutum ne mai kunya. Ya karɓa.

Washegari na je na gan shi. Fari ne, da ja a kunnuwa biyu da zagayen ido ɗaya, da wani tabo a gindin wutsiya. Na ari tef ɗin tela na auna, daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 28. A sikelin Kawu kilo 6 da ɗan ɗori. Kunnuwan sun karye sun faɗo gaba, gashin gajere ne mai santsi, jikin kuwa in ka dafa shi kamar an murɗa igiya. Karne ya ce namiji ne, shekararsa biyu, irin Jack Russell, kuma an yi masa allurar haukan kare wata huɗu da suka wuce. Sunan da ke rubuce ba wanda ya iya faɗa, yara suka sa masa Barkono, ya bi shi.

Mutanen gidan sun kasu biyu a kansa. Yara sun ɗauke shi abin wasa, wata kyanwa ce mai haushi. Kawu da Baba maigadi sun ɗauke shi kare kamar kowane kare, a zuba masa sauran tuwo ya kwana a bakin ƙofa. Hajiya ita dai sharaɗinta ɗaya, kada ya taka mata ɗaki ko madafa. Ni kaina a lokacin ban ga abin damuwa ba. Na ce ɗan wannan abu me zai yi?

Irin da aka tace don shiga rami

Sunan Jack Russell ya samo asali ne daga wani limamin coci a yankin Debon na Ingila, John Russell, wanda aka haifa a 1795 ya mutu a 1883. An fi saninsa da farauta a kan doki fiye da wa'azi. A 1819, yana ɗalibi a Oksfod, ya sayi wata 'yar karya fara a hannun mai tallan madara, sunanta Trump (ba ruwanta da wancan na Amurka), kuma daga ita ya fara tace irin karen da yake so. Farautar tasu haka take: manyan karnuka su kori yanyawa, irin tasu ta can mai jan gashi, in ta shige rami sai a saki ƙaramin ya bi ta ciki. Ba kashe ta ake so ya yi ba, so ake ya tsare ta da haushi a cikin duhu har ta gaji ta fito a ci gaba da sukuwa. Masu jin Faransanci a cikinmu ma sun san kalmar terrier ramin dabba take nufi.

Duk wani hali da daga baya aka zo ana kuka da shi a gidan Kawu, daga wannan aiki ya fito. An zaɓi farin gashi ne don kada mafarauci ya rikita shi da abin farauta in ya fito daga rami. An zaɓi siririn ƙirji, wanda babban mutum zai iya zagayewa da tafukansa biyu, don duk inda yanyawa ta kutsa shi ma ya kutsa. An zaɓi murya mai ƙara don a ji shi daga ƙarƙashin ƙasa. An zaɓi juriya don ya wuni yana bin dawakai. Sannan a cikin rami babu ubangida da zai ce masa yi kaza, bar kaza, don haka aka zaɓi wanda yake yanke wa kansa shawara, wato abin da mu muke kira taurin kai. Shekara ɗari biyu ana zaɓen waɗannan halaye. Hali zanen dutse. Tona rami da haushi da bin duk abin da ya gudu ba rashin tarbiyya ba ne a wurin irin wannan kare, sana'ar gado ce.

Daga kaji zuwa sarƙa

Watan Janairu ya wuce lafiya, ana hunturu, yara na jefa masa ƙwallo safe da yamma. Da abin ya gundure su, aka koma makaranta sosai, sai Barkono ya nemo wa kansa aiki. Ya fara da fulawoyin da ke gindin famfo, ya koma tabarmar Baba maigadi, ya yage takalman baƙi biyu. A tsakiyar Fabrairu ya tona rami a ƙarƙashin katangar da ta raba su da maƙwabci, ya ɓulla a tsakiyar kaji. Bakwai ya kashe a 'yan mintoci, bai ci ko ɗaya ba. Maƙwabcin nan shekara ashirin suna salla sahu ɗaya da Kawu. Ya zo da gawarwakin a buhu ya ajiye a zaure, ya ce, "Alhaji, ban zo neman kuɗi ba, na zo ka gani ne." Kawu ya biya duk da haka, amma gaisuwa ta yi sanyi.

Hukuncin da aka yanke shi ne wanda kowa zai yanke: sarƙa. Aka ɗaure shi a bakin get, a kan siminti, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano. Sarƙar ba ta kai taku huɗu ba. A ganina nan ne aka yi babban kuskuren, kuma ina da kaso a ciki, domin na gani na yi shiru. Karen da ke buƙatar gudu na aƙalla awa guda kullum, da abin da zai shinshina ya tona, aka tsugunar da shi wuri ɗaya dare da rana. Sai ya koma haushi. Ya yi wa babur, ya yi wa almajiri, ya yi wa inuwar kansa. Unguwa ta daina barci. Baba maigadi ya fara watsa masa ruwa, daga baya sanda. Yaran layi suka gano in sun tsaya nesa da ƙarshen sarƙa ba abin da zai iya, suka riƙa tsokanarsa da kara. Abincin Bature kuma ya ƙare tun a Fabrairu, aka koma zuba masa tuwo da miyar da ta sha albasa da yaji.

Cizon, da abin da ya biyo baya

Ranar wata Juma'a a farkon Afrilu jikar Kawu, 'yar shekara biyar, ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwallon nan daga gefen kwanon abincinsa. Ya cafki bayan hannunta. Haƙora biyu sun huda fata. Hajiya ta kira ni tana kuka, na ce kafin komai a kai hannun gindin famfo a wanke da sabulu, ruwa na zuba, minti 15 cur, kada a sa toka ko man shanu, kada a ɗaure. Wannan shi ne matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, kuma yana rage haɗari sosai. Daga nan aka wuce da ita asibiti da karne a hannu. Likitoci suka duba, suka fara mata allurar rigakafi a ranar, suka ce a tsare karen a sa masa ido. Ba a wasa da ciwon haukan kare. Yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana magana ta ƙare.

Hikimar sa ido ita ce, karen da ƙwayar cutar ta riga ta sauko yawunsa ba ya wuce kwana 10 bai nuna ciwon ba. Likitan dabbobin da na kira ya ce mu kai 15 don hankali ya kwanta. Sai aka ƙara matse Barkono, aka gajarta sarƙar, aka hana kowa matsawa kusa, har mai zuba masa ruwa ya koma yi daga nesa, in ya tuna.

Wanda ya san Garwa a Afrilu ya san abin da nake nufi. Ma'aunin zafi kan haura 40, simintin tsakar gida ba ya takuwa da ƙafa, kwano kuma sai ya zama murhu. A rana ta huɗu, wajen azahar, aka kira ni cewa kare ya haukace. Na tarar da shi yana tangaɗi, harshe ya zazzago ya yi jajir, yawu mai kauri na dalala, idanu sun firfito. Kwanon ruwansa a kife, ya bushe ƙaƙas. Baba maigadi na tsaye da taɓarya, matan gida sun kulle kansu a ɗaki.

Kawu ya ce, "Ɗana, ka gani da idonka. A gama da shi kawai."

Na ce, "Kawu, ku ba ni rabin awa. In kun kashe shi yanzu, sai an kai kansa ɗakin gwaji kafin mu san abin da ya ciji yarinyar nan. In ya rayu, shi da kansa zai ba mu amsa."

Ba wai na tabbata ba ne, kuma ban kai hannuna kusa da bakinsa ba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne allurar da ke cikin karne, da kwanon nan da ke kife. Kare ba ya gumi irin namu, ɗan abin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, da haki yake fitar da zafi. In iskar da yake shaƙa ita ma wuta ce, ga ba ruwa, sai jiki ya dahu daga ciki. Muka ja sarƙar da doguwar gora zuwa inuwar dalbejiya, muka riƙa kwara masa ruwan randa a ciki da hammata da cinyoyi, yaro ɗaya na fifita da faifai. Ba mu ɗaure masa baki ba, domin toshe bakin kare mai haki daidai yake da shaƙe shi. Ba mu lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma ba, wannan riƙe zafin yake yi. Da Dokta ya iso da safar hannu ya auna, ya sami 41 da ɗigo uku, bayan duk ruwan da muka zuba. Na lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39 da 'yan kai. Ya sa masa ruwa ta jijiya. Kafin magariba Barkono ya ɗaga kai ya lashi ruwa, da safe ya kaɗa wutsiya. Mahaukacin kare ba ya farfaɗowa haka. Kwana 15 suka cika yana nan garau.

Da ya mutu, da hanya ta kai mu Bokle, inda ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, yake. Allah bai sa an kai can ba. Amma tun daga ranar nake gaya wa duk mai kare cewa 'yar allurar nan ta shekara-shekara ita ce ta tsaya tsakanin Barkono da taɓarya. Maƙwabtanmu na Njamena sun nuna amfaninta a 2012 da 2013, lokacin da suka yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin allura, ciwon ya yi ƙasa warwas na wani lokaci.

Abin da Dokta ya gano a ƙarƙashi

Zafin rana ba shi kaɗai ba ne. Da Dokta ya ɗaga leɓen karen, dasashin ya yi fari kamar takarda. Cikin kunnuwa da tsakanin yatsu kaska ce jere, wasu sun ƙoshi sun yi kamar wake. Jar kaskar kare ba irin ta shanu ba ce da ake kwasowa a jeji, a tsagar bango da ta siminti take hayayyafa, wato wurin da aka ɗaure shi nan ne gidanta. Tana sa wa kare ciwon da ke cin jini, ga albasar miya ita ma tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dokta ya rubuta maganin doksisaikilin na kwana 28, aka cire kaskar ɗaya bayan ɗaya, aka yi wa bango feshi bayan an ɗauke karen daga wurin, aka liƙe tsagogin.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ɓangaren sana'ata ne. Baba maigadi, da kyakkyawar niyya, ya kawo shawarar a wanke shi da ruwan wankan shanu, a kuma yi masa allurar ibamektin, maganin tsutsar shanu, "sirinji ɗaya kacal". Ibamektin ɗin shanu mil ɗaya na kilo 50 ne. Ka ba kare mai kilo 6 mil ɗaya, ka ninka ma'aunin sau takwas ke nan. Haka maganin wankan kaska da ake dama wa garke da ido, ƙaramin kare yana iya shanye shi ta fata ko ya lashe, ya kama makyarkyata ya faɗi. Farasitamol da ibufurofen da muke sha su ma suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Ƙanƙantar jikin ita ce haɗarin, ba ta barin wurin kuskure. Yanzu ƙwayar kaska ta karnuka muke ba shi, irin su Bravecto da ke yin mako 12, bisa nauyinsa, in an samo daga Yawunde ko Duwala.

Shawarar da aka yanke

Bayan kwana 15 aka zauna. Hajiya ta ce ko ita ko karen. Kawu ya so ya ba wani direbansa ya kai shi ƙauye. Kafin nan sai ya tambayi malamin unguwa. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne. Amma hadisi ya yi maganar raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kuma malamai da dama sun haɗa tsaron dukiya a cikin abin da aka yarje. Ya ƙara da cewa wanda ya ɗaure dabba, ci da shanta da inuwarta suna wuyansa.

Wannan magana ce ta buɗe mini ido. Kawu shekara da shekaru yana kukan ɓeraye a sito, yana sayen guba a wurina, buhuna na hujewa. Ga kuma mafarauci a ɗaure a bakin get ba aikin yi. Na ce a mayar da shi sito.

Ba a kai shi haka kawai ba. Sai da aka kwashe duk gubar ɓera, aka share, aka jira mako uku, domin yawancin gubar nan tsinka jini take yi, kuma kare na iya kamuwa ko ta cin gubar ko ta cin ɓeran da ya ci ta. Filin siton yana da katanga, aka bi gindinta aka binne duwatsu da tsohuwar waya mai raga zurfin kamu biyu. Aka ɗauke tulin bulo da ke jikin bango, don tsallensa ya ninka tsayinsa sau da yawa. Aka yi masa rumfar zana a gindin bishiya, ƙasa yashi, da kasko biyu na ruwa da aka ɗan binne don kada ya kifar. Yashin ana sauya shi a kai a kai, saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari, tsutsarsa ta shiga fata ta yi maruru. Aka bar masa kusurwa ɗaya da zai tona yadda ya ga dama.

Sannan aka ba shi mutum ɗaya. Autan Kawu, ɗan shekara goma sha huɗu, shi ne kaɗai bai daina zuwa wurinsa ba ko lokacin sarƙa. Shi ya gano abin da ya ba mu dariya duka: wata uku ana daka wa karen tsawa da Hausa da Fulatanci, ashe shi Faransanci yake ji. Yaron ya ce masa "asi", sai ga shi zaune yana kallonsa. Daga nan ya riƙa haɗa kalmar da "zauna", da ɗan guntun busasshiyar hanta a hannu, minti biyar-biyar, ba duka ba tsawa. Cikin mako biyu ya ji "zauna" da "zo" da "bari". Irin wannan kare yana da saurin ɗauka, amma yana da saurin gajiya da maimaici, kuma sanda ba ta ƙara masa komai sai cizo. Bayan sallar asuba yaron kan fita da shi da doguwar igiya wajen awa guda kafin makaranta, sai kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Gwajin da na koya masa shi ne ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa, in bai iya jurewa ba, tafin karen ma ba zai iya ba.

Ranar farko da 'yan dako suka ɗaga katakon da ake jera buhuna a kai, ina wurin. Barkono ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, jiki na rawa, hanci a tsagar katako. Aka ɗaga. Ɓeraye suka watse ta ko'ina. Ban ga yadda ya yi ba, na dai ga ya cafki ɗaya ta wuya, ya girgiza kai sau biyu, ya yar, ya riga ya kai kan na gaba. Kafin a gama juya layi ɗaya an tara sha ɗaya da shebur. Wata gafiya da ta kusa kai rabinsa ta tsaya masa a lungu, ta yage masa leɓe, bai ja da baya ba. Baba maigadi da ya zo kallo ya riƙe baki ya ce, "Ashe ɗan banzan nan ma'aikaci ne." A daren nan, in ji mai gadin sito, ko uffan bai yi ba har asuba.

Abinci kuma muka tsara daga abin da ke kasuwa: shinkafa ko tuwon masara ba miya, dafaffen nama ko tumbi, ƙwai, ɗan kabewa ko karas, da ɗan garin ɓawon ƙwai saboda ƙashi, sau biyu a rana, a auna kada ya yi ƙiba. An hana albasa da tafarnuwa da cakulan da zabibi da dafaffen ƙashin kaza. An hana goro, wanda 'yan dako suka so su riƙa ba shi don wasa, domin abin da ke wartsake mu a cikin goro shi bugun zuciya yake sa masa. Na kuma hana ɗanyen kayan cikin kifi, musamman da yake motocin Kawu na zuwa har bakin kogin Logon. A Chadi tun 2012 ake ganin kurkunu a jikin karnukan bakin kogin Shari, a 2019 sun kusa dubu biyu, kuma abin ya ɓulla a ɓangarenmu na iyaka. Tunda mai kama ɓera ne, maganin tsutsa duk wata uku, allurarsa ta shekara kuma har da ta ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Na sa ranar a ƙarshen Satumba don kada a manta, 28 ga wata ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

Inda aka kwana

Wata takwas ke nan yana sito. Nauyinsa ya tsaya a kilo 6, dasashi ya yi ja, bai sake cizon kowa ba, Kawu kuma bai sake sayen guba a wurina ba, wanda ni asara ce gare ni. Hannun yarinyar ya warke da ɗan tabo, amma har yau ba ta son jin haushi, kuma ba a kai ƙananan yara wurinsa sai da babba a tsaye.

Akwai abubuwan da ba su gyaru ba. Wani lokaci in yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya ta hagu taku biyu ko uku, sannan ya sauke kamar ba komai. Dokta ya taɓa ya ce ƙoƙon gwiwa ne ke gocewa, abin da aka san ƙananan karnuka da shi, kuma ana gadonsa. Nasa bai yi tsanani ba, maganin dai kada ya yi ƙiba. Saboda wannan na hana masu zuwa neman a haɗa shi da karyarsu, ko da yake Kawu bai yarda a fiɗiye shi ba, ya ce amana ce aka ba shi. Da damina hankalina bai kwanta ba, domin kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, shi kuwa ba ramin da ba ya tura kai. Igiyar nan ba a kwance ta a waje, ko don macizai ko don motoci, in ya hango abin bi "zo" ba ta shiga kunnensa.

Babbar maganar da ke gaba ita ce shekaru. Irin nan kan kai 13 zuwa 16, kuma wani bincike da kwalejin likitocin dabbobi ta Landan ta fitar a 2022 ya sa su a gaban duk ire-iren karnukan da aka bincika a Ingila wajen tsawon rai. Barkono bai wuce uku ba. Autan Kawu kuwa nan da shekara huɗu yana sa ran jami'a a Ngaundere. Na tayar wa Kawu da zancen, ya ce in lokacin ya zo a yi magana. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata ɗaya daga cikin yaran sito ya fara bin su yawon asuba tun yanzu. An sa wani, yana zuwa yau gobe ba ya zuwa.

Watan jiya maƙwabcin nan mai kaji ya tari Kawu a ƙofar masallaci, bayan doguwar gaisuwa ya ce ɓeraye sun dame shi a ɗakin da yake ajiye dusa, ko za a ara masa ma'aikacin na yini ɗaya. Kawu ya ce da sharaɗin a kulle kaji duka a akurki tun da safe. Aka kulle, aka ƙirga, aka kai Barkono da igiya. Ya kashe ɓeraye tara. Ana shirin tafiya sai wata zabuwa da ba a san ta kwana a kan katanga ba ta diro tsakar gida. Kawu ya biya kuɗin zabuwar.